Likita Ya Hana Babakura Shan Gahawa

A unguwar Gomari ta Maiduguri, in baƙo ya tambayi gidan Babakura direba, ba a wahalar da kai wajen kwatance. Sai a ce masa ya miƙe layin bayan masallaci, in ya kai inda ƙamshin turaren wuta ke kokawa da ƙaurin wani abu da ya ƙone, to ya yi sallama, ya iso. Turaren na matarsa ne, Ya Aisa, wadda haɗa shi da sayar da shi ne sana'arta tun tana amarya. Ƙaurin kuwa nasa ne. In ka kuskura ka kira shi ƙauri a gabansa, ka jawo wa kanka wa'azin da sai ya sa ka rasa jam'in la'asar.

A unguwar Abbaganaram aka haife shi, a gidan masu wankin hula. Mahaifinsa ya so ya gaje shi, amma Babakura tun yana ƙarami ya lura cewa mai wankin hula yana tsufa ne a inda ya fara zama, sai dai hulunan su yi ta yawo a duniya. Sai ya gudu tasha ya zama yaron mota. Ya sha zagi, ya sha ranƙwashi, ya kwana a ƙarƙashin tirela damina da rani, har Allah ya sa aka damƙa masa sitiyari. Hanyarsa ɗaya ce: daga Maiduguri zuwa Dikwa, zuwa Gamboru, a ratsa Kusiri, a haye gada a shiga Injamena. Ya kai siminti, ya kai taliya, ya kai katifu da robobi, duk abin da mai kaya ya ɗora.

A Kusiri ne abin ya same shi. Mota ta lalace, aka aika Maiduguri a kawo wani ƙarfe, shi kuma ya zauna gadinta. Da safe ya nemi mai shayi, bai samu ba sai wani dattijo Bashuwa da ke zaune da 'yar buta a kan garwashi. Dattijon ya zuba masa wani baƙin ruwa a finjalin da ko ɗan tsako ba zai ƙoshi da shi ba. Babakura yakan ce daga kurɓin farko ya san ya gamu da abin da aka halicce shi dominsa. Waɗanda suke wurin kuwa sun ce ya yamutse fuska kamar an ɗura masa maganin zazzaɓi, har ya tambaya ko butar ce ba a wanke ba. Sai dai ƙarfen ya daɗe bai zo ba, kuma babu wani abin sha a kusa. Kafin a gyara motar ya zama malami a fannin. Ya san yadda ake soya 'ya'yan gahawa a kasko har su yi maiƙo, ya san yadda ake daka su da 'yar citta, ya san cewa mutumin kirki ba ya tashi a finjali ɗaya.

Ya dawo gida da buta ta tagulla, da finjalai, da ƙullin 'ya'yan gahawa, da kuma wani abu da ba a awo a kan iyaka, wato raini ga duk mai shan shayi. A garin da shayi ke gaba da gaisuwa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, amma Babakura ya ɗauke shi da zuciya ɗaya. Shayi a wurinsa ruwan zafi ne da aka yi wa kwalliya. In ya ga ƙato ya riƙe kofin shayi da madara, sai ya tambaye shi cikin tausayi ko yaye shi ne ba a gama ba.

Ya Aisa ta aure shi da saninta, domin an gaya mata yana da wata ɗabi'a. Ta ɗauka taba ce ko karta, irin abin da mace ke iya yaƙa. Ba ta san da kasko za ta yi zama ba. Kullum yana gari, da an idar da sallar asuba zai hura gawayi a tsakar gida ya hau suya, hayaƙin ya bi ya shige cikin itacen turarenta da ta shanya. Wata amarya ta taɓa dawo mata da kwalba guda, ta ce angonta ya shigo ɗaki ya tambaya wace tukunya ce ta kama. Ya Aisa ta kai ƙara wurin mai gidan. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce ai kamata ya yi ta ƙara wa amaryar kuɗi, tunda ta samu ƙamshi biyu a kwalba ɗaya. A haka suka haifi 'ya'ya, suka aurar da na aurarwa, ya rage sai autarsu Jannat.

Da rikici ya zo, hanyar Gamboru ta rufe. Mai motar ya kwashe motocinsa ya koma Kano, ya ce Babakura ya biyo shi. Babakura ya ce shi bai ga abin da zai kai shi garin da ba a san gahawa ba sai a labari. Gaskiyar maganar, tsoron barin iyali yake yi a irin wannan lokaci, amma ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce masa mai tausayi. Lokacin da hanyar ta sake buɗewa, bayansa da idanunsa sun riga sun yi ritaya ba tare da sun shawarce shi ba. Ya koma zaman majalisa a gindin darbejiyar ƙofar gidan Alhaji Mahfuz, abokinsa tun na yarinta, tsohon ma'aikacin sakatariya. 'Ya'yan gahawa kuma sai ya shiga Kasuwar Mande wurin wani ɗan Cadi. In suka yanke, yakan sayi ta gwangwani, wadda a bainar jama'a yake kira garin bulo, ya sha a ɗaki bayan ya saki labule.

Tunda babu tuƙi, sai shan ya ninka. Da safe buta, da hantsi buta, bayan azahar buta, bayan la'asar kuma ta majalisa, wadda shi kaɗai ke shanye ta saboda sauran jahilai ne. Wata rana yana alwala ya ji ƙasa ta karkata. Ya Aisa ta tsare Keke Napep, ta tusa shi gaba sai asibiti.

Likitan saurayi ne, bai fi sa'an ɗansu na biyu ba. Ya ɗaura masa abin awo a hannu, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun.

"Baba, da ƙafarka ka shigo nan?"

"Da ta wa zan shigo?"

"Jininka ya hau sosai. Me kake ci, me kake sha?"

"Abin da kowa ke ci. Sai 'yar gahawa haka, don gyaran baki."

"Buta huɗu," in ji Ya Aisa daga bayansa. "Ran da ransa ya ɓaci, biyar."

Likita ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri, a riƙa ɗan tattaki. Sannan ya dubi Babakura ya ce, "Gahawa kuma, Baba, ka daina sha. Ba ragewa na ce ba."

A hanyar gida Babakura ya yi bayanin cewa yaran yanzu ana ba su takardar likita tun ba su san ɗacin komai ba. Suna isa Ya Aisa ta ɗauki butar da finjalan ta kulle a akwatinta, ta ɗaura ɗan makullin a bakin zane.

Kwanakin da suka biyo baya, gidan ya ga abin da bai taɓa gani ba. Kansa ya yi ta sara. Ya yi faɗa da rediyo, ya yi faɗa da akuya, ya yi faɗa da mai kiran salla a kan yana jan "hayya alal falah" fiye da kima. Ya Aisa ta dafa masa shayi da na'ana'a da kanumfari, ya karɓa ya riƙe kamar an miƙa masa takardar sammaci. A majalisa, Alhaji Mahfuz ya yi masa barka da shigowa cikin jama'a, ya ce dama sun san zai dawo hanya, ba su dai zaci sai an haɗa da asibiti ba.

Ana cikin haka Kirsimeti ta zo. Maƙwabciyarsu ta jikin katanga, Malama Ketura, 'yar Marama ce, tsohuwar malamar firamare da ta koyar da rabin unguwar, har da Jannat. Kowace shekara takan aiko musu da shinkafa da kaza da kek, su kuma su rama da naman layya. Babakura bai taɓa kula kek ba, a ganinsa abincin yara ne da marasa haƙori. Amma yunwar gahawa ta sa bakinsa neman abin yi, sai ya gutsuri ɗaya. Ya tauna a hankali. Ya ɗaga ragowar ya duba ta ciki, ya ga 'yan ramuka kamar soso, irin waɗanda za su iya riƙe duk abin da aka zuba musu.

"Aisa, zo. Me likitan nan ya ce?"

"Ya ce ka daina shan gahawa."

"Sha. Kin ji da kunnenki. Ya ce in daina ci?"

Ta kama haɓa. "Baban Jannat, da wannan kan naka makaranta aka kai shi, da yanzu ba a san iyakar mutanen da ka fitar daga gidan yari ba."

Ya ɗauki maganar a matsayin yabo. Buta tana kulle, amma ba a kulle kasko da turmi ba. Gwajin farko, ya faki idonta ya zuba garin gahawa a ƙullun masa. Masar ta fito da launin ƙasar kwata, aka yi asarar shinkafa. Na biyu, ya ce shi ba ya bukatar kowa, ai kek fulawa ce da ruwa da wuta. Ya kwaɓa, ya zuba gahawa har sai da ƙullun ya yi baƙi, ya ɗora a wuta. Abin da ya fito, da yana kan hanya da ya yi masa amfani, domin zai iya tare tayar tirela a gangare. Akuyar gidan, wadda ke cin kwali da leda ba ta taɓa ƙorafi ba, ta sunsuna ta koma inuwa.

Ya Aisa ta ga in ba a yi wani abu ba buhun fulawa zai ƙare a banza, sai ta leƙa ta katanga ta kira Malama Ketura. Malama ta shigo da roba da muciya da rariya, ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta zaunar da mutumin da ya yi shekaru yana juya tirela kamar ɗan aji ɗaya.

"Malam Babakura, ka wanke hannu?"

"Da alwalata."

"Ban tambaye ka alwala ba. Ga sabulu."

Ta sa shi ya buga bota da sukari har suka yi fari, hannunsa ya sage, ta ce bai yi ba, ya ci gaba. Ta nuna masa yadda ake fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, kowanne a wani kofi daban tukuna, don kada ruɓaɓɓe ya ɓata sauran. Ta sa ya tankaɗe fulawa tare da hodar da ke sa kek ya tashi. Da aka zo kan gahawa ta ce ba gari ake zubawa ba, sai an dafa ta da kauri, a tace, a bari ta huce, sannan a sa cokali biyu.

"Cokali biyu? Malama, tsoronta ake ji?"

"Kek ne za ka yi, ba maganin ɓera ba."

Ya ce to. Tana juyawa za ta amsa gaisuwar Jannat, ya ƙara wasu uku. Duk da haka kek ɗin ya tashi, ya yi laushi, ya yi launin zuma mai duhu. Babakura ya ci ɗaya a tsaye da zafinsa, ya ƙone harshe, bai damu ba. Abin da ya rasa ya dawo masa ta wata ƙofar. Ya juya baya ya yi kamar hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Mutum irin Babakura ba ya yin abu rabi. Ya sayar da tsohuwar rediyon motarsa da wasu tayoyi da ya ajiye, ya sayo obin na lantarki na gasa kek, fari tas, mai gilashi a gaba. Aka kawo shi a Keke Napep, ya sa mai keken ya bi ta gaban majalisa ko da yake ba hanya ba ce. A makon ne aka lalata turakun wuta a daji, garin gaba ɗaya ya shiga duhu, aka yi ta jira har mutane suka manta inda makunnin fitila yake a ɗakunansu. Ya Aisa ta ce ba a yi asara ba, domin ba ta taɓa samun wurin ajiye kwalaben turaren humra da ɓera ba ya shiga kamar wannan ba. Babakura ya koma dabarar Malama Ketura: tukunya babba da yashi a gindi, a jera gwangwanayen madara da aka shafe da mai, a rufe, a zuba garwashi a kan murfi. Daga baya ya riƙa gaya wa mutane cewa shi dama ya fi son ta yashi, obin na ragwaye ne.

Labari ya kai majalisa kafin shi. Ran da ya zo da kek a cikin kwano, Alhaji Mahfuz ya gyara zama.

"Mun ji ka koma kicin. Zanen, mu za mu haɗa maka, ko Ya Aisa ta ba ka aro?"

"Shekara nawa ina dafa taliya a gindin mota, ba wanda ya saya mini zane. Ka taɓa dafa ko ruwan zafi da hannunka?"

"Allah ya rufa mini asiri da iyali."

"To ajiye wannan da ka ɗauka."

Alhaji Mahfuz bai ajiye ba. Ya ce ɗanɗanawa yake yi don ya san irin nasihar da zai yi masa. Ya ɗanɗana uku kafin nasihar ta haɗu, kuma abin da ta ƙunsa shi ne a ɗan ƙara sukari. Tun daga ranar majalisa ta ci gaba da yi masa dariya, tana kuma tambaya in ya zo hannu sake.

Ya faɗaɗa sana'ar da ba ta kawo masa ko sisi. Ya yi cincin na gahawa, ya yi kek da dabino, ya yi wani da gyaɗa. Ya gwada da kilishi sau ɗaya, ba a sake maganar ba. Kullum ma'aunin gahawar ƙaruwa yake yi, domin a cewarsa harshen mutanen gidan ya fara wayewa. Harshen mutanen gidan kuwa ya daɗe da koyon cewa an ƙoshi.

Sai aka sa ranar kawo lefen Jannat. Ya Aisa ta tara mata, aka yi dublan, aka yi alkaki da nakiya, aka soya kaji. Ta roƙe shi abu ɗaya, ya tafi majalisa ya zauna har baƙi su tafi. Ya ce ita 'yar tasa ce ko ta maƙwabta? Ya kwana biyu yana gashi. Kuma tunda baƙin manya ne, ya ga rowa ce a yi musu irin na kullum, sai ya dafa gahawar har ta yi kauri kamar kwalta, ya juye duka.

Jagorar masu kawo lefe gwaggon ango ce, Ya Gana, tsohuwa daga unguwar Dala a nan Maiduguri, wadda aka sani da abu biyu: ba ta yabon girkin kowa, kuma ana idar da isha'i take barci, ko da biki ake a ɗakinta. Ta taɓa dublan ta ce ya sha mai. Ta taɓa alkaki ta ce tsaminsa bai kai ba. Da ta kai kan kek ɗin, ta ci ɗaya ba ta ce komai ba, ta ci na biyu, ta sa na uku da na huɗu a jaka bayan ta ci rabin na biyar. Sauran matan da suka ga haka suka bi sahu. Babakura yana leƙe ta tagar ɗakinsa, yana jin kamar an ba shi sarauta.

Washegari da hantsi sai ga Ya Gana a ƙofar gida, idanunta jawur, mayafi a karkace. Ko zama ba ta yi ba.

"Aisa, me kuka sa mana a abinci?"

"Lafiya, Ya Gana?"

"Ina lafiya? Ban runtsa ba. Na share gida, na wanke tukwanen da ke wanke, na tsince shinkafar wata guda. Ƙirjina kamar ana daka. Duk wadda muka zo da ita haka ta kwana, ɗaya har ta tsefe kanta ta sake kitsawa. In wani abu kuka yi don a mallake mana yaro, ku faɗa tun ba a ɗaura ba."

Ya Aisa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta juya ta kira mai gidan da wata murya da bai taɓa ji ba. Ya fito yana gyara hula, ya gaida baƙuwa da ladabi, ya yi mata bayanin gahawa tun daga Kusiri. Ya ƙara da cewa rashin barcin alama ce ta cewa kayan na asali ne. Ya Gana ta ce ita ba ta taɓa jin gidan da uban amarya ke shiga kicin ya hana surukai barci ba. Sai da aka kira Malama Ketura ta rantse cewa ita ta koya masa, kuma cokali biyu ta ce, sannan tsohuwar ta yarda ta zauna ta sha ruwa. An ɗaura auren, amma har aka kai amarya dangin ango ba su sake cin komai a gidan ba sai sun tambayi wanda ya dafa. Ya Aisa ta yi mako ba ta yi masa magana ba sai ta bakin Jannat, Jannat kuma ta tare, sai maganar ta tsaya gaba ɗaya.

Da azumi ya kai goman ƙarshe, sai ga saƙo daga Dala. Ya Gana tana gaisuwa, ta ce in da hali a aiko mata da wannan abin na rannan, domin shekara da shekaru tana son tsayuwar dare barci na kayar da ita tun raka'ar farko. Babakura ya sa aka maimaita masa saƙon a gaban matarsa. Daga nan ya riƙa cewa shi yanzu aikin addini yake yi.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne ya daɗe da daina shan maganin asibiti. A ganinsa mutumin da ke jin garau ba shi da bukatar ƙwaya. Wata safiya bayan ƙaramar sallah yana buga bota da sukari, muciya ta faɗi daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai kira Aisa, sunan ya fito a karkace.

Likitan nan ne dai. Bayan an samu kansa, ya zo ya tsaya a gefen gado.

"Baba, ka koma shan gahawa ko?"

"Ko kurɓi ban yi ba," in ji Babakura da bakin da bai gama daidaita ba. "A kawo Alƙur'ani."

"Gaskiya ya faɗa," in ji Ya Aisa. "Ci yake yi."

Ta zayyana masa komai, da botar, da sukarin, da ƙwayoyin da ta samu cikin aljihun tsohuwar rigarsa ko ɓare su ba a yi ba. Likita ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa tunanin sai ya riƙa zuwa da lauya in zai ba maras lafiya shawara ba. Sannan ya jero abin da ya hana: sha, ci, lasa, tsotsa, da duk wata hanya da Baba zai gano nan gaba.

Ya dawo gida da ƙafa mai ja da hannun dama da ba ya riƙe ko cokali. Wannan karon bai yi faɗa da kowa ba, kuma shi ne abin da ya tsorata Ya Aisa. Yakan zauna a tabarma ya jingina da bango, ya kalli tukunyar yashin da aka kife a lungu. In an kawo abinci ya ci, in an ba shi magani ya haɗiye. Alhaji Mahfuz ya zo ya tsokane shi da maganar zane, ya yi murmushi kawai. Alhajin ya fita yana share ido da hannun riga, ya ce wa Ya Aisa turarenta ya cika yaji.

Ran da suka koma asibiti, bayan an gama awo, ta ce wa mijin ya jira ta a waje. Ta tambayi likita ko mutum zai mutu in ya ci ɗan yanki ɗaya ranar Juma'a, mai ƙarancin sukari, gahawar kuma a bakin cokali. Likita ya ce in dai ita ce za ta auna, kuma in yana shan magani a gabanta.

Juma'ar da ta biyo, ta tayar da tukunyar, ta zuba sabon yashi, ta ɗauko roba da muciya ta zauna inda zai gan ta. Da gangan ta fasa ƙwai kai tsaye cikin botar da ba ta bugu ba.

"Ba haka ake yi ba," in ji shi daga tabarma. Rabon da ya faɗi magana mai tsawon haka tun asibiti.

"To yaya ake yi?"

"Sai ta yi fari. Ke ba ki ga yadda nake yi ba? Kuma a wani kofi ake fara fasawa."

Ya ja jiki ya matso. Ya yi ta ba da umarni, ta yi ta bin wanda ta ga dama. Kek ɗin da ya fito ya fi duk wanda aka taɓa gasawa a gidan, Malama Ketura ta faɗa, majalisa ta faɗa, har Ya Gana ta aiko cewa wannan ana ci a yi barci. Babakura ya ce ba laifi ga mai koyo, sai dai gahawar ta wuce ta gefen ƙullun ne ba ta shiga ba. A majalisa kuwa, da ya fara takawa da sanda, cewa yake yi shi ya horar da ita, hannunta kawai ya ara.

Yanzu hannun ya fara dawowa, yana riƙe carbi, yana iya tankaɗe fulawa in an riƙe masa rariya. Bana kuma ya ɓullo da sabon aiki. Ya ce dogaro da 'yan kasuwa ya isa, ya binne ɗanyun 'ya'yan gahawa a wani tsohon bokiti a bayan ɗaki, a garin da zafin bazara ke narkar da takalmin roba. Kullum ragowar ruwan wanke-wanke yake ba su. Da damina ta sauka sai ga wani tsiro ya leƙo, kore shar. Duk baƙon da ya shigo sai an kai shi ya gani, an kuma gaya masa cewa nan da 'yan shekaru Gomari za ta riƙa aika gahawa Injamena.

Ya Aisa ta gane ganyen kuɓewa tun ran da ya buɗe. Malama Ketura ta tambaye ta ta kan katanga ko ba za ta gaya masa ba. Ta ce a bar shi ya ci gaba da ban ruwa, tana da bukatar ta miya.